Ƙarin wurin kwana a motar tafiya: amsa ga mai Hiace daga Jega

Wani bawan Allah daga Jega ya aiko da tambaya. Yana da Toyota Hiace doguwa mai dogon rufi, irin wadda ake ce wa Homa. Ya saye ta an riga an cire kujerun baya an kafa gadon mutum biyu, an bar layi ɗaya na kujeru a bayan direba. Shi da maiɗakinsa ne da yara uku: namiji ɗan shekara 12, mace 'yar shekara 8, da auta mai shekara 4. Sukan je Yawuri da Zuru da Argungu, wani lokaci su bi ta Kamba su tsallaka Gaya wurin dangi, kuma kwana yakan kama su a cikin motar. Wani mai walda ya ce a yanke rufin a ɗaga shi, wani ya ce a ɗora tanti a sama. Yana son sanin wanne zai yi.

Alhaji, duka biyun ban ba ka shawara ba. Sana'ata ƙirar bodin mota ce a Birnin Kebbi, kuma da kuɗin aiki kawai nake dubawa da na ce ka kawo a yanke, don shi ne aikin da ya fi tsoka. Amma motarka tana da wurin ƙarin mutum biyu a ciki ba tare da an taɓa rufinta ba, na ukun kuma yana waje a jikin ƙofar gefe. Abin da zai ba ka wahala ba gadon ba ne. Kowane mai walda zai iya haɗa maka gado cikin yini ɗaya. Iskar da mutum biyar za su shaƙa a daren Afrilu, da yadda gadon zai tsaya a wurinsa ranar da ka taka birki na gaggawa a hanyar Koko, su ne aikin.

Ka fara ɗaukar tef ka auna. Hiace ta wannan zubin, wadda aka fara ƙerawa a 2004, kala biyu ce ta fi yawa a wajenmu. Ƙaramar, faɗin cikinta wajen mita 1.5 ne, tsayin rufinta daga daɓe wajen mita 1.3. Taka doguwar, faɗin cikinta ya ɗan haura mita 1.7 a inda ya fi buɗewa, rufinta daga daɓe wajen mita 1.6, daga bayan kujerun gaba zuwa ƙofar baya kuma wajen mita 3.5. Idan an yi mata silin da shimfiɗar daɓe, ka rage wasu santimitoci. Wannan awon ya riga ya yanke mana hukunci ɗaya: babban mutum ba zai miƙe a gicciye cikin motar nan ba, sai a tsaye, amma yaron da bai wuce mita ɗaya da rabi ba zai kwanta a gicciye har da filo. Duk ƙarin da za a yi maka a ciki, na gicciye ne, kuma na yara ne.

Kujerun nan uku na bayan direba kada ka bari kowa ya cire su, ko ya musanya su da benci na katako don wai ya fi sauƙin zama gado. A jikinsu bel yake, kuma an ɗaure su a ramukan da kamfani ya ƙarfafa ƙarƙashinsu. Yawan mutanen da mota za ta ɗauka ba yawan gadajenta ba ne, yawan kujerunta masu bel ne. Gado na lokacin da mota take tsaye ne. Na san yadda abin yake: an baro Yawuri da yamma, auta ya yi barci, uwar ta ce bari ta kwantar da shi a baya ya sake. Yaron da ke kwance a katifa ba abin da ya riƙe shi, birki ɗaya zai jefo shi har gilashin gaba. Ya yi barcinsa a zaune da bel a jikinsa, a sa masa filo a gefen wuya.

To waɗannan kujerun su ne gadon farko da za ka ƙara, kuma kusan a kyauta. Tsakaninsu da tudun da ke bayan kujerun gaba akwai wurin ajiye ƙafa. A yi maka akwatu biyu na filawud masu tsayi daidai da mazaunin kujera, waɗanda za su cike wannan gurbin. Da rana suna ƙarƙashin babban gado cike da kaya, da dare a jawo su a jera, a shimfiɗa katifa mai naɗewa uku a kan kujeru da akwatun gaba ɗaya. Za ka samu gado mai tsawon faɗin motar, faɗinsa kuma santimita 70 zuwa 80. Mazaunin kujera ba a miƙe yake ba, ya ɗan karkata baya, ga kan bel da yake tokarar haƙarƙari, shi ya sa katifar ta zama mai tauri, inci uku, ba laushin nan da ke lotsewa ba. Idan karkatar ta yi yawa, tela ya yanko maka soso mai kauri ta gefe ɗaya a cusa a lungun. Wannan na babban yaron ne. Ya kai shekarun da hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ce a raba wa yara wurin kwanciya, wato goma, kuma wurin nan ya fi ko'ina nisa da gadon iyaye. A rataya labule tsakani a kan waya ko siririn ƙarfe, magana ta ƙare.

Na biyun shi ne gadon sama, kuma a nan ake yin ɓarna idan ba a yi lissafi ba. Mu ɗauka kana da santimita 160 daga daɓe zuwa rufi. Babban gadonka dole ya haye tudun tayoyin baya, don haka katakonsa yana wajen santimita 40 daga ƙasa, katifa ta ƙara 10, an kai 50. Saura 110. Mai kwana a sama yana bukatar aƙalla santimita 55 zuwa 60 tsakanin katifarsa da rufi, in ba haka ba ba zai iya juyawa ba sai ya buga kai, kuma zafin rufin a fuskarsa zai sauka. Ƙarfen gadon da katakonsa da katifarsa za su ci 12. Abin da ya rage wa na ƙasa wajen santimita 40 ne kawai. Babu magidancin da zai kwana da katako santimita 40 a saman hancinsa, ya tashi da asuba bai fasa goshi ba. Saboda haka gadon sama ba ya rufe babban gado gaba ɗaya. Ana giciya shi ne a saitin ƙafafun masu kwana a ƙasa, faɗinsa santimita 60 zuwa 65 kawai. Ƙafa ba ta bukatar sarari mai yawa, kai da ƙirji kuma suna fili, mutum zai tashi ya zauna yadda ya so. Ku sa kawunanku ta wajen kujeru, ƙafafu ta ƙofar baya, gadon yarinyar ya giciya ta can.

Ƙarfen da za a yi shi da shi, ka je kasuwa da kanka ko ka tsaya a kan mai sayowa. Dogayen sanduna biyu da za su tsallaka faɗin motar su zama fayif mai kusurwa huɗu na inci ɗaya da rabi, kaurin jikinsa milimita 1.5 ko 2. Na inci ɗaya ya isa ƙananan giciye da shinge, amma a tsallaken mita 1.6 zai lanƙwashe ranar da yara biyu suka zauna a tsakiyarsa, kuma za su zauna. Kasuwa cike take da fayif marar kauri da ake yin ƙofar shago da shi, a ido duk ɗaya suke, sai ka ɗaga ka ji nauyi ko ka duba bakin yankan. A kan ƙarfen a ɗora filawud na milimita 12, a huhhuda shi da ramuka don katifa ta sha iska, kada gumi ya taru ƙarƙashinta ta yi fumfuna da damina. Duka gadon da katifarsa ba zai wuce kilo 25 zuwa 30 ba.

Wannan kilo 25 ɗin kada ka raina shi. A karon da aka yi ana gudun kilomita 50 a awa, abin da ke cikin mota yakan fizgi maɗaurinsa da ƙarfin da ya kai ninki ashirin na nauyinsa. Gadon ya zama rabin tan, kuma hanyarsa ta bayan kawunan 'ya'yanka take. Don haka ba a kafa shi da sukurun rufin kwano a jikin bangon mota. Bangon Hiace falle ne siriri, sukuru zai yage shi tun a ramukan hanya, kafin ma a je ga haɗari. Gadon ya tsaya a kan ƙafafu huɗu da suka sauka har daɓe, a ɗaure su da bol da noti na milimita 10 masu lamba 8.8 a kansu. Mafi kyau a yi amfani da tsofaffin ramukan kujerun da aka cire, don ƙarƙashinsu a ƙarfafe yake. Inda dole sai an huda sabo, a sa faffaɗan ƙarfe ta ƙasan daɓen ya tare notin, kuma kafin a dasa abin huji wani ya shiga ƙarƙashi ya ga inda tankin mai da bututun birki da wayoyi suka bi. Walda kuma a yi ta a waje, a shigo da gadon a ɗaure. Walda a cikin mota tana ƙone fenti ta ciki inda ba za ka gani ba, tsatsa ta fara daga nan, ga tartsatsi kusa da soso da tanki. Kuma abin da aka ɗaure da noti ana iya kwance shi ranar da za ka ɗauko buhunan albasa daga Aliero ko ka sayar da motar. Tun da an zo nan, ka leƙa ka ga yadda wanda ya sayar maka ya kafa babban gadon. Sau da yawa ajiye shi kawai ake yi, nauyinsa ne ke riƙe da shi.

Shinge a gadon sama wajibi ne, ta ɓangaren da ke kallon cikin mota da kuma ta ɓangaren ƙofar baya, don ranar da wani ya ɗaga ƙofar yarinya tana jingine da ita. Ƙa'idar gadon bene a Turai ta ce shingen ya haura saman katifa da santimita 16, a Amurka inci biyar, kusan abu ɗaya ne. Tazarar sandunansa kada ta wuce santimita 7, don haɗarin da ya fi faɗowa muni shi ne jikin yaro ya zurara ta tsakani kansa ya maƙale. Kuma ƙa'idojin biyu sun haɗu a kan cewa yaron da bai kai shekara shida ba ba ya kwana a sama. Ke nan saman na 'yar shekara takwas ne. Auta yana ƙasa tare da ku, ko a yi masa 'yar shimfiɗa a daɓe idan akwai fili tsakanin gado da kujeru. Zai yi kuka yana son sama, a bar shi ya hau da rana ana kallonsa.

Akwai masu shimfiɗa katako a kan kujerun gaba, daga ƙofar direba zuwa ta fasinja, ko su rataya tamfol a kan sanduna biyu. A motocin da injinsu ke can gaba yana yi. A Hiace inji yana ƙarƙashin kujerun nan ne, bayan doguwar tafiya yakan yi awanni yana fitar da zafi, ga giya da birkin hannu a inda ƙafar mai barci za ta kai. Ka bar wurin na jakunkuna da takalma, waɗanda dama sai an nema musu wurin kwana idan an shimfiɗa gadaje.

Yanzu maganar yanke rufi. Mai waldan bai ƙirƙiro ta ba, abu ne sananne a Turai. Kamfanin Westfalia na Jamus ya shahara da shi a kan ƙananan bas na Volkswagen: rufi mai ɗagawa, gefensa na yadi, gadon mutum biyu a ciki. Manyan motocin kwana da ake ginawa a kan Fiat Ducato, ɗan gidan su J5 ɗin nan da muka sani, wasu suna da ɗaki a saman kan direba, wasu gadonsu a jikin silin yake a sauko da shi da dare. Amma duk waɗannan an zana su ne tun a takarda, da firam na ƙarfe da ke maye gurbin abin da aka yanke, da murfin faiba da aka zuba daidai da motar, da robar da ke toshe bakin. Rufin Hiace ba murfi ba ne kawai. Ƙarafan da suka giciya ƙarƙashinsa su ne suka haɗa bangon dama da na hagu. Ka yanke uku ko huɗu daga cikinsu, bodin zai riƙa murɗawa a hanya, ƙofar gefe ta fara gardamar rufuwa, ruwa ya samu hanya da damina, ƙura ta samu hanya da hunturu. Idan kuma Allah ya kawo tsautsayi motar ta kife, abin da zai hana rufin danne mutane shi ne aka cire. Kuma me za ka samu? Taka dama mai dogon rufi ce, tsayinta a waje ya kusa mita 2.3. Rufi mai ɗagawa an yi shi ne don gajerun motoci.

Tantin saman mota ya fi yanka dama-dama, don ba ya ɓata bodi, kuma sama akwai iska. Sai dai shi kaɗai yakan kai kilo 50 zuwa 80, ban da keriyar da za ta ɗauke shi, kuma duk nauyin yana can ƙololuwa a kan motar da dama doguwa ce siririya. Za ka ji shi a kwana, za ka ji shi idan tirela ta wuce ka, za ka ji shi a kuɗin mai. Sannan ka tuna wa zai kwana a ciki. Yara su kaɗai a sama da mita biyu daga ƙasa, tsani ne hanyar fitsarin dare, iyaye suna ciki a rufe? Ko ku iyaye ku hau ku bar su a ƙasa? Ga guguwar farkon damina da ke tasowa tsakar dare ba sallama. Da matasa biyu ne masu yawon buɗe ido da ƙaramar mota, da na ce su gwada. Ga mai iyali ban ga ribarsa ba.

Mu dawo kan iska, don ita ce za ta nuna ko gadajen nan za su kwanu. Cikin motarka gaba ɗaya bai kai rabin ƙaramin ɗaki mai ƙafa goma-goma ba, kafin a cire gado da kaya. Jikin mutum ko yana barci yana fitar da zafi kusan wat 80 zuwa 100. Ku biyar ke nan kun kunna abin ɗumama ɗaki na wat 400 a cikin akwatin ƙarfen da ya wuni a rana. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana a nan ke haura digiri 40, mota a rufe tanda ce, kuma mai gadon sama shi ya fi kowa shan ta, don zafi sama yake taruwa. Lokacin ne kuma na sanƙarau, wanda cunkoso a wurin kwana marar iska yake taimaka wa yaɗuwa. Don haka kafin a sayi fayif ko ɗaya, a warware wannan. Tagogin gefe masu zugewa a yi musu raga, tela ya ɗinka ta da maganaɗisu ko mazagi a baki yadda za a manna a cire. Ƙofar baya a yi mata babbar raga mai zif, a kwana da ita a ɗage inda wurin ya aminta. A buɗe ƙaramar tagar iska a rufi, tsakanin ƙarafa biyu ba tare da an yanke ko ɗaya ba, a saitin gadon sama, a liƙe bakinta da kyau. Wannan ramin kaɗai na yarda a yi wa rufinka. Tsakanin rufi da silin a cusa abin tare zafi, kuma in za a sake fenti a yi fari. A Argungu da Yawuri da duk bakin fadama sauro ba ya wasa, ragar da ta bar rami ɗaya ba ta yi komai ba.

Fanka kuma ƙanana masu aiki da batir, ɗaya a kan gadon sama ɗaya a ƙasa. Kowace tana jan kusan amfiya ɗaya zuwa biyu, guda biyu a awa takwas ba za su wuce amfiya 32 ba. Batir na daban mai amfiya 100 zai ɗauke su, tunda irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa. Na daban na ce, ba na tayar da mota ba, sai dai in kana son turi da asuba. Farantin sola ɗaya a rufi zai cika shi da rana. Mai haɗa wayar ya sa fis dab da kan batirin, kuma batirin ya kasance a ɗaure cikin akwati mai hanyar iska zuwa waje.

Abin da ba a yi ko sau ɗaya: barin inji a kunne don a sha iyakwandishan ana barci. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, kuma motar da ke tsaye tana shaƙo shi ta ƙarƙashi da ta ƙofar baya, musamman tsohuwar salansa mai ɓula. Mai barci ba ya farkawa ya ji wani abu, nauyi kawai barcin yake ƙarawa. Haka ƙaramin janareta a gindin taga, haka kaskon gawayi da ake shigowa da shi a sanyin Disamba da Janairu, haka risho ko gas a kunne a ciki. Hunturu bargo ne maganinsa, kuma ko a lokacin a bar taga biyu a ɗan buɗe. Tukunyar gas ta kwana a waje ko a akwatinta mai rami a ƙasa, don gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya daɓe yake kwanciya inda auta yake. Maganin sauro na kunnawa ma ba na cikin mota ba ne, ga hayaƙi ga katifar soso. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan wannan gubar ta taru, ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba, ka nema ka maƙala kusa da gadon sama.

Wuri na uku, wanda a ganina ya fi duka daɗi a yawancin watannin shekara, rumfa ce a jikin ƙofar gefe. Hiace tana da 'yar kwata a gefen rufi, a nan ake kama dogon ƙarfe ko fayif da maƙalai, a ɗaura tamfol mai kauri mita uku a mita biyu da rabi, ƙafafu biyu masu zarewa, igiya da turaku. A ƙasa tabarma ko gadon zango mai naɗewa, a rataya gidan sauro. Gadon zango ya fi, saboda kunama da sanyin ƙasa. Mu da muka saba fitar da shimfiɗa tsakar gida da bazara ba sai an koya mana wannan ba. Kai da babban yaron ku kwana a rumfa, uwa da ƙananan su samu motar su uku, kowa ya sha iska, kuma kana bakin ƙofarsu. Nauyinta duka bai kai na jarka ɗaya ta ruwa ba. Sharaɗinta ɗaya ne, wurin tsayawa. Halin da hanyoyinmu ke ciki ba ya bukatar bayani, musamman ta wajen Zuru. Ba a kwana a gefen titi ko bayan gari, da rumfa ko babu. A shiga gari da sauran rana, a kwana a harabar gidan dangi, ko tasha mai maigadi, ko inda mai unguwa ya nuna. Inda ba ka natsu ba, kowa ya shiga ciki, a nan gadajen nan biyu za su yi ranarsu, kuma kujerar direba ta kwana babu kaya a kanta, makulli a inda hannu zai kai.

Nauyi a motarka ba zai zama matsala babba ba, tunda an gina ta don ɗaukar mutum fiye da goma, an kuma cire kujeru. Masu motocin kwana na Turai su ne ke fama da wannan, don yawancinsu an tsayar da su a kilo 3,500 saboda lasin tuƙi, kayan ɗakin sun riga sun cinye kusan duka. Amma ka lura da inda nauyin yake zama. Ruwa, batir da kayan abinci su zauna ƙasa, gaban tayoyin baya, ba can bakin ƙofa ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka huɗu kilo ɗari. Iyakar nauyin motar yana rubuce a ƙaramin farantin da ke jikinta, kuma kamfanonin casar shinkafa da muke da su a jihar nan suna da sikelin manyan motoci, ka roƙi alfarma a auna ta da lodinta. Taya ta zama ta ɗaukar kaya, mai harafin C bayan lambar girmanta. Lamba 106 a jikinta na nufin kilo 950 kowace. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a jikin tayar su ne mako da shekarar da aka yi ta, ka duba su kafin ka karɓi ta Beljiyam.

Ka tabbatar ƙofar baya tana buɗuwa daga ciki, in ba ta yi a sa mata igiya ko hannu, don gadon gicciyen babban yaro zai tare hanyar ƙofar gefe. Makullin yara na ƙofar gefen a sake shi da dare. Abin kashe gobara ya zauna inda mai kwance zai miƙa hannu ya ɗauka, ba ƙarƙashin kaya ba. Labule kuma a zuge shi duka idan ana tafiya, motar da ba a ganin cikinta tana daɗewa a shingen jami'an tsaro, balle a kan iyakar Kamba. Tunda yawan kujeru ya canza daga abin da ke takarda, ka leƙa ofishin VIO da motar, ka kuma sanar da masu inshorarka.

In an gama aikin, kafin yarinya ta hau, a ɗora buhun shinkafa biyu masu kilo 50 a tsakiyar gadon sama a bar su su kwana, a duba ko sandunan sun lotsa. A sauke ɗaya, a ɗaure ɗayan da igiya, a zaga da motar a hanya marar kwalta na rabin awa ba kowa a baya, a dawo a bi kowane noti da sifana. Wanda ya saki a sa masa noti mai roba a ciki ko a ninka shi biyu. Duk bakin ƙarfe a goge shi a toshe da murfin roba, kusurwar da ke saitin kai a naɗe ta da soso. Daren farko kuma ku yi shi a ƙofar gidanku a Jega, ku biyar, da fanka da raga yadda za ku yi a hanya. Wajen ƙarfe biyu ka tashi ka taɓa wuyan yarinyar da ke sama. In ka ji ta jiƙe da gumi, tagar rufin ta yi ƙanƙanta ko fankar ba ta saitinta, a gyara wannan kafin a ɗauki hanyar Yawuri.